FIREDERIK NA BIYU: SARKIN JAMUS DA YA KARƁI BIRNIN ƘUDUS BA YAƘI, DA YADDA GIDANSA YA ƘARE



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau tarihi na kawo muku, tarihin wani sarkin Jamus Kirista mai suna Firederik na Biyu, wanda ya mutu a shekarar 1250 Miladiyya. Na san wani zai ce: Malam, ina ruwanmu da sarkin Jamus? To ga inda ruwanmu yake. A 1187 Salahuddin al-Ayyubi ya ƙwato Birnin Ƙudus daga hannun 'yan Salibiyya da jinin Musulmi. Bayan shekara 42 kacal, wannan mutumin ya zo ya karɓi birnin da takarda, ko kibiya ɗaya ba a harba ba, kuma ɗan ƙanin Salahuddin ne ya miƙa masa. Ba za ka gane yadda aka yi hakan ta faru ba sai ka bi salsalar gidaje biyu, gidan Firederik da gidan Ayyubawa. Abin da nake so mu bi ke nan. A yi haƙuri da tsawon rubutun.

TSATSONSA TA WAJEN UBA

A Jamus ta wancan zamani ɗa ba ya hawa gadon ubansa kai tsaye. Manyan hakimai da manyan limaman coci ne masu zaɓen sarki. Wanda suka zaɓa shi ke tafiya birnin Rum, Fafaroma ya ɗora masa kambi, ya zama Ƙaisar. Saboda haka kowane babban gida da aure yake yaƙi kafin ya yi da takobi.

Gidansu Firederik sunansa Hohenstaufen, sunan wani tsauni ne a ƙasar Suwabiya, kudu maso yammacin Jamus, inda suka gina ganuwarsu. A taƙaice ana ce musu gidan Staufen. Arzikinsu ya fara a 1079, lokacin da sarki Henri na Huɗu ya naɗa kakansu hakimin Suwabiya, ya kuma aura masa 'yarsa Agnes. Da zuriyar Henri ta maza ta ƙare a 1125, sai 'ya'yan Agnes suka ce su ne magada. Masu zaɓe suka tsallake su, suka naɗa wani mai suna Lotar, shi kuma ya aurar da 'yarsa tilo ga gidan Welf, hakiman Babariya. A 1138 kuma masu zaɓen suka tsallake surukin nan na Welf, suka naɗa Konrad na gidan Staufen. Daga nan gaba ta ƙullu tsakanin gidajen biyu, har ta tsallaka Italiya ta raba birane gida biyu.

A 1152 aka naɗa Firederik na Farko, wanda Italiyawa suka yi wa laƙabi da Barbarosa, wato Jan Gemu. Ubansa ɗan Staufen ne, uwarsa 'yar Welf, aka yi zaton jininsa zai kashe wutar. Ina! A 1180 shi da kansa ya tuɓe ɗan kawunsa Henri Zaki, ya ƙwace masa Saksoniya da Babariya. Wannan Jan Gemun shi ne ya ɗauko runduna mai yawa zai yaƙi Salahuddin, amma bai iso Sham ba. A 1190 ruwa ya cinye shi a wani kogi a kudancin ƙasar Turkiyya ta yau, rundunar ta watse. Shi ne kakan mutumin namu na wajen uba.

TSATSONSA TA WAJEN UWA

Nan ne labarin ya matso kusa da mu. Tsibirin Siƙilliya, wanda Turawa ke kira Sisili, Musulmi sun fara buɗe shi a 827, suka karɓi birnin Palermo a 831, suka yi mulki sama da shekara 200. Sannan wasu mayaƙa Normanawa daga arewacin Faransa suka ƙwace Palermo a 1072, suka gama da tsibirin a 1091. Amma sun tarar da tsarin mulki da ya fi nasu, sai suka riƙe magatakardan Larabawa, suna buga kuɗi da rubutun Larabci. Sarkinsu Roja na Biyu shi ne ya zaunar da Sharif al-Idrisi a fadarsa, ya rubuta masa littafin taswirar duniya, Nuzhatul Mushtaƙ, wanda aka kammala a 1154.

A wannan shekarar Roja ya mutu, bayan mutuwarsa aka haifi 'yarsa Konstans. Ta kai shekara 30 ba aure, sai a 1186 aka ɗaura mata da Henri na Shida, ɗan Jan Gemu, wanda ta girme shi da shekara 11. Da sarkin Siƙilliya ya mutu a 1189 bai bar ɗa ba, gado ya faɗo kanta. Mijinta ya shiga da ƙarfi, aka naɗa shi a Palermo ranar Kirsimeti ta 1194. Washegari, 26 ga Disamba, a wani ƙaramin gari mai suna Yesi, Konstans ta haifi Firederik tana da shekara 40.

Ku lura da wani abu. Tun yaron yana zanin goyo maƙiya suka fara sukar nasabarsa, wai tsohuwa ba ta haihuwa, wai ɗan mahauci ne aka sauya. Har daga baya aka riƙa ba da labarin cewa a tanti ta haihu, a tsakiyar kasuwa, don matan gari su shaida. Gidan da ba shi da jari sai jini, to ta jinin ake fara kai masa hari.

MARAYA A PALERMO

Uban ya mutu a 1197, uwar ta bi shi a 1198. Yaro bai cika shekara 4 ba ya zama maraya da kambin Siƙilliya a ka, Fafaroma Inosan na Uku ne waliyyinsa a takarda. A zahiri kuwa kwamandojin Jamus da manyan tsibirin ne ke ƙwace shi daga hannun juna, don duk wanda yaron ke hannunsa shi ke da hatimi. Ya tashi a birnin da ake jin Larabci da Girkanci da Latin a kasuwa ɗaya, masu tarihi kuma sun ruwaito cewa ya iya Larabci.

A can Jamus, baffansa Filib yana ta gwabzawa da Otto na gidan Welf, ɗan Henri Zaki. A 1208 aka kashe Filib a garin Bamberg. Otto ya zama Ƙaisar a 1209, sai kuma ya zarce zai haɗiye kudancin Italiya. Fafaroma ya ga za a sa shi a tsakiya, ya kore shi daga coci, ya tuna da marayan da ke Palermo. A 1212 Firederik, yana ɗan shekara 17, ya tsallaka duwatsun Alps da 'yan tsirarun mutane, ya riga Otto shiga garin Konstanz da 'yan sa'o'i. A 1214 sarkin Faransa ya karya Otto a yaƙin Bouvines. A 1215 aka naɗa Firederik a Aachen, ranar kuma ya yi alwashin fita yaƙin Salibiyya. A 1220 ya zama Ƙaisar a Rum.

Ilimi kam yana da shi. Shi ya kafa jami'ar Napoli a 1224. A fadarsa Mikayel Skot ya zauna, mutumin da ya juya littattafan Ibn Rushd zuwa Latin. Shi kansa ya rubuta babban littafi kan farauta da shaho, har ya koyi rufe wa shaho kai da 'yar hula daga wajen Larabawa.

ABIN DA YA YI WA MUSULMIN SIƘILLIYA

Nan nake so masu saurin yabo su tsaya. Za ka ga wasu rubuce-rubuce a intanet suna kiran mutumin nan masoyin Musulunci, wasu ma har su musuluntar da shi. To ku ji. Da ya dawo daga Jamus ya tarar Musulmin yammacin tsibirin sun hau duwatsu sun yi tawaye ƙarƙashin shugabansu Ibn Abbad. Ya yaƙe su, ya kashe Ibn Abbad a 1222, sannan ya fara kwashe su dubbai-dubbai yana tsallakar da su teku zuwa wani gari mai suna Lucera a kudancin Italiya. Aka yi ta kwasa har cikin shekarun 1240. A hannunsa Musulunci ya ƙare a Siƙilliya, bayan shekara 400.

A Lucera ya bar musu masallatai da alƙalai da kiran salla, wannan gaskiya ne. Suna noma, suna biyan haraji, yana ɗibar maharba daga cikinsu. Hikimarsa a fili take: sojan da ba Kirista ba, tsinuwar Fafaroma ba ta sa shi ya ajiye baka. Ya tsare su ne kamar yadda mutum ke tsare dukiyarsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

YADDA ƘUDUS TA FITA

A 1225 ya auri Isabela, yarinya 'yar kimanin shekara 13, magajiyar sarautar da 'yan Salibiyya suke kira masarautar Ƙudus, duk da birnin ba ya hannunsu. Ana gama biki ya karɓe sarautar daga hannun surukinsa. Aure dai, kamar yadda kakanninsa suka saba. Amma ya yi ta jan ƙafa kan alwashin yaƙi, har Fafaroma Giregori na Tara ya kore shi daga coci a 1227. Bai damu ba, ya hau jirgi ya sauka Akka a 1228, da rundunar da ba ta isa ta ci ko birni ɗaya ba.

Yanzu mu leƙa gidan Ayyubawa. Bayan rasuwar Salahuddin a 1193, 'ya'yansa suka kaure da rigima, ƙaninsa al-Adil ya ture su ya haɗa mulkin. Shi ma ya raba wa nasa 'ya'yan: al-Kamil a Masar, al-Mu'azzam a Dimashƙu, al-Ashraf a Jazira. 'Yan ubanci ya shiga. Al-Mu'azzam ya haɗa kai da mayaƙan Khuwarizm, al-Kamil ya tsorata, sai ya aika amirinsa Fakhruddin ɗan Shaikhus Shuyukh zuwa fadar Firederik a 1226, da tayin Ƙudus in zai taimake shi a kan ɗan'uwansa. Subhanallah. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin Firederik ya iso, al-Mu'azzam ya rasu a 1227. Ka ce ai shi ke nan, tayi ya faɗi. Amma al-Kamil idonsa na kan Dimashƙu, wadda ta koma hannun an-Nasir Dawud, ɗan marigayin, kuma ba ya son yaƙi ta fuska biyu. Aka yi wata biyar ana kai-komo da manzanni da kyaututtuka, Firederik har da aiko tambayoyin lissafi don malaman Masar su warware. A watan Fabrairun 1229, shekarar 626 bayan Hijira, aka sa hannu a Yafa: Ƙudus da Baitalami da Nazarat sun koma hannun Firederik, da hanya zuwa teku, tsagaita wuta na shekara 10. Masallacin Aƙsa da Ƙubbatus Sakhra suka zauna hannun Musulmi.

Al-Kamil yana da hujjarsa: birnin ba shi da ganuwa tun da aka rushe ta a 1219, ko yaushe ana iya karɓe shi. Amma al'umma ba ta karɓi wannan uzuri ba. A Dimashƙu, Sibɗu Ibnul Jauzi ya hau mumbarin babban masallaci ya yi wa'azi kan abin da ya faru, mutane suka yi ta kuka. A cikin shekarar al-Kamil ya ƙwace Dimashƙu daga hannun ɗan ɗan'uwansa. Ya samu abin da yake so, kun ga kuma kuɗin da aka biya.

Ran 17 ga Maris Firederik ya shiga Ƙudus. Washegari ya ɗora wa kansa kambi a babban cocin birnin, don babu limamin da zai naɗa korarre. Ibn Wasil ya kawo cewa alƙalin Nablus ya hana ladanai kiran salla a daren don girmama baƙo, da safe Firederik ya nuna rashin jin daɗinsa, don yana son ya ji kiran. Sibɗu kuma ya siffanta shi da ja, mai sanƙo, mai raunin gani, wanda ba zai yi tsada a kasuwar bayi ba, ya ce maganganunsa na ɗan dahariyya ne mai wasa da Kiristancinsa. Kiristocin Akka su ma ba su gode masa ba, da kayan cikin dabbobi suka jefe shi ranar da zai hau jirgi. Birnin bai dawo hannun Musulmi sosai ba sai 1244.

UBA DA 'YA'YANSA

Sauran rayuwarsa yaƙi ne da Fafaroma da biranen arewacin Italiya. Amma ciwon da ya fi cinsa daga cikin gida ya fito. Babban ɗansa Henri, wanda ya bari yana riƙe Jamus tun yana yaro, ya tashi nesa da uban. A 1234 ya yi masa tawaye. Uban ya zo a 1235 ya tuɓe shi, ya jefa shi kurkuku a kudancin Italiya. A 1242 ana sauya masa kurkuku ya faɗo daga kan doki ya mutu.

A 1245 Fafaroma Inosan na Huɗu ya tara taro a Liyon ya ce ya tuɓe shi, cikin laifukan da aka lissafa har da abota da Musulmi. A 1248 aka karya shi a Parma. A 1249 mutanen Bolonya suka kama ɗansa Enzo, ɗan gaba da Fatiha ne amma yana ji da shi, suka riƙe shi har ya mutu a 1272. Ran 13 ga Disambar 1250 Firederik ya mutu a Fiyorentino, kusa da Lucera, sanye da rigar 'yan zuhudun Kirista. Aka binne shi a babban cocin Palermo kusa da uwarsa da ubansa da kakansa Roja. A kan Kiristancinsa ya mutu, kada wani ya ruɗe ku.

SHEKARA 18

Ku ƙirga tare da ni. Ɗansa Konrad na Huɗu ya gaje shi, zazzaɓi ya kashe shi a 1254 yana ɗan shekara 26. Wani ɗan nasa, Manfired, ya hau gadon Siƙilliya a 1258. Shi ne wanda Sultan Baibars ya aika wa Ibn Wasil a 1261, ya dawo yana ba da labarin Musulmin Lucera. Fafaroma ya gayyato Sharl na Anju, ƙanin sarkin Faransa, ya kashe Manfired a yaƙin Benebento a 1266, aka kulle 'ya'yansa maza. Saura ɗaya, Konradin ɗan Konrad. Ya taso daga Jamus zai karɓi gadonsa, aka ci shi da yaƙi, ran 29 ga Oktoban 1268 aka sare kansa a kasuwar Napoli yana ɗan shekara 16. Daga mutuwar Firederik zuwa nan shekara 18. Ganuwar Hohenstaufen kanta manoma 'yan tawaye suka ƙone ta a 1525.

Musulmin Lucera fa? Da inuwar da suka fake ta gushe, a 1300 ɗan Sharl ya rushe garin, ya sayar da mutanensa bayi. Amincin da yake rataye a wuyan mutum ɗaya da gidansa, ranar da gidan ya faɗi shi ma ya faɗi.

Jinin Firederik ta 'ya'ya mata ya tsira, waɗanda ba a lissafa su. Jikarsa Konstans 'yar Manfired ta auri sarkin Aragon, wanda ya karɓe Siƙilliya a 1282. 'Yarsa Margaret ta auri ɗan gidan Wettin, daga tsatsonta aka sami gidan Saks-Kobag, gidan Albat mijin Sarauniya Biktoriya. Gidan Welf kuwa da aka kayar, su ne suka zama sarakunan Hanoba, suka hau gadon Ingila a 1714, Biktoriya 'yarsu ce. Ka ga Edwad na Bakwai, sarkin Ingila lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, jinin gidajen nan biyu ne da suka yi ta kashe juna. Duniya rawar 'yan mata.

ABIN DA NA GANI A CIKI

A shekarar da Firederik ya mutu, 1250, a cikinta aka kashe Turanshah jikan al-Kamil, mulkin Ayyubawa a Masar ya ƙare. Gidaje biyun da suka yi cinikin Ƙudus kusan tare suka faɗi. Su wa suka karɓa? Mamalik, bayin da aka sayo a kasuwa, waɗanda da yawansu ba su san sunan kakansu ba. Su ne suka tare Tatar a Ainu Jalut a 1260, su ne suka fitar da 'yan Salibiyya daga Akka a 1291. Aikin da 'ya'yan sarakuna suka kasa, Allah Ya ba wa marasa salsala.

Ni ban ce sanin nasaba laifi ba ne. Da ita ake sada zumunci, da ita ake raba gado. Abin da nake tsoro shi ne ranar da mutum zai mai da ita jari. Firederik jikan Jan Gemu ne kuma jikan Roja, babu wanda ya kai shi asali a Turai ta zamaninsa, amma ɗan cikinsa a hannunsa ya mutu a tsare. Al-Kamil ɗan gidan Salahuddin ne, shi ma ya taɓa korar 'yan Salibiyya daga Dimyaɗ a 1221, amma tsoron ɗan'uwa ya kai shi inda maƙiyi bai kai shi ba.

Don haka kai da kake shari'a da ƙaninka a kan gida ko gona, kai da ka fi yarda da bare a kan ɗan ɗakinku, kai da kake riƙe da dukiyar marayan yayanka, wannan labarin naka ne. Abin da za ka miƙa wa bare don ka kayar da ɗan'uwanka, wataƙila ba naka ba ne kai kaɗai. Ka ɗauki waya yau ka kira shi.

Allah Ya haɗa kan gidajenmu, Ya tsare Masallacin Aƙsa, Ya sa mu cika da imani. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.